Busasshen Finjali

Duk wanda ya taɓa hawa mashekarin Ak-Bulak ya san Burulkan. Ko bai riƙe sunanta ba zai ce maka, ai matar nan da ba ta barin baƙo ya gama ɗaure dokinsa sai ta ɗura masa shayi. Direbobin da ke hawowa sayen nonon goɗiya ma sun haddace dokarta: finjali uku kafin a buɗe bakin ciniki, wanda ya ce shi ba ya jin ƙishi kuwa ya jawo wa kansa na huɗu. Mutane na zaton halinta ne tun fil azal. Ko kusa. Wannan ɗurar dole shekararta shida kacal, kuma ba karamci ne kaɗai ya kawo ta ba.

Ita dai ba 'yar tudu ba ce. A can ƙasa aka haife ta, kwarin auduga da kankana, inda rana ke dukan mutum har sai ya nemi ruwa da ƙafarsa. Ubanta mai ban ruwa ne a gonar gwamnati, ta tashi tana wasa cikin magudanan ruwa. Tana shekara goma sha tara Toktosun ya sauko sayar da dukushi, ya gan ta, ya yi ta sintiri har aka ba shi. Ita ma ba ta ƙi ba, don a lokacin yana da gashin baki baƙi ƙirin da haƙoransa cif-cif, ba kamar yanzu ba da in ya yi dariya sai ka hango har maƙogwaro.

Ta shiga gidansu ta zama kelin, wato matar ɗa, ta koyi abin da kowace kelin ke koya. Ba a kiran sunan uban miji. Ba a juya masa baya in za a fita. Kelin ce ke riga kowa tashi, ita ce ke zama a bakin ƙofa kusa da butar shayi, tana zuba wa kowa rabin finjali, tana miƙawa da hannun dama, hagu na tallafe da gwiwar hannu. Rabi ne, don cika wa mutum finjali tamkar ka ce masa sha ka tashi ne. Idonta na kan finjalin kowa, da ya yi ƙasa ta miƙa hannu ta karɓa.

Bazararta ta farko a mashekari da goyo ta hau, Aman, ɗan wata uku, mai kumatu sumul-sumul. Kafin mako biyu nononta ya ƙafe. Uwar mijinta ta duba ta, ta girgiza kai ta ce tudu ba ya karɓar nonon matan kwari, ba ke ce ta farko ba. Aka yi mata turare da busasshen ganyen archa, wani itacen tudu mai ƙamshi, aka rataya mata laya, ba abin da ya motsa. Daga ƙarshe aka ɗauro akuya aka fara ba yaro nononta. Cikinsa ya ƙi, ya kama zawo, kwana biyar Allah ya karɓi abinsa. Aka binne shi a gangaren da ke fuskantar rafi, Toktosun ya jera duwatsu a kai da hannunsa.

Burulkan ta yarda da hukuncin, me za ta ce? Ta ɗauka jikinta ne ya gaza. 'Ya'ya huɗu ta haifa bayan Aman, duk shekarar da take shayarwa sai a bar ta a ƙauye wajen wata gwaggon mijinta, kuma duk suka rayu, abin da ya ƙara tabbatar wa kowa maganar tsohuwa. Shekaru suka ja, uwar miji ta rasu, uban miji ya bi ta, Burulkan ta tashi daga bakin ƙofa ta koma saman shimfiɗa. Ta zama gwanar kimis, nonon goɗiyar nan mai tsami da ake bugawa a salka, har maƙwabta na aiko 'ya'yansu mata su ga yadda take yi. Bakinta ya buɗe, ta fara yi wa Toktosun faɗa a gaban baƙi. Shayi kuwa takan sha buta biyu kafin azahar ba ta ji komai ba. Amma gangaren nan ba ta taɓa bi ta kansa ba. In za ta rafi sai ta yi zagaye, haka ta yi shekara arba'in da ɗaya.

Autansu Ermek, wanda al'ada ta bar wa gida da iyaye, shi ma kwari ya je ya ɗauko mata. Sayra sunanta, siririya, mai saurin hannu, ta iya ɗinki, uwarta kuma ta hore ta kan kunya har abin ya yi yawa. In Toktosun ya yi tari a waje, sai ta gyara ɗankwali a ɗaki. Ta haihu a watan Maris, mace, aka sa mata Tumar. Da Yuni ya kama aka fara ɗaure kaya, Burulkan ta ce atafau Sayra ba za ta hau ba.

"Apa, da wa zan zauna?" in ji Sayra, kanta a ƙasa. Apa a wajenmu inna ke nan, Ata kuma baba. "Kowa zai hau. Kuma sai a ce kelin ɗin Apa raguwa ce, ta bar tsohuwa da tatsar goɗiya goma sha biyu."

"Su ce mana. Bakinsu ne."

Ermek ya sa baki yana dariya. "Haba Apa, wai tudu ba ya karɓar nono. Ofis gare shi da yake tantance mutane? Zamani ya wuce nan."

"Ofishin yana nan a gangaren rafi, je ka tambayi yayanka," in ji Burulkan. Dariyar ta tsaya cak. Sai dai gwaggon da ake barin masu goyo a wajenta ta daɗe da rasuwa, gidan ƙauye kuma kulle shi za a yi. Haka ta hau mota da jikarta a cinya, gabanta na faɗuwa duk inda hanya ta lanƙwasa sama.

Aka kafa bukkokin ulu biyu a inda aka saba. Ak-Bulak ba shi da bishiya ko ɗaya, ciyawa ce shimfiɗe iya ganinka, ko ɓera ya gilma sai an gan shi. Makewayi sanda huɗu ne da tamfol, taku ɗari daga ƙofa, ta gabas. A ƙofar bukka kuma akwai wani faffaɗan dutse da Toktosun ya gada wajen ubansa, nan yake zama tun hantsi har la'asar da madubin hangen nesa a ido, yana duba dawakinsa. Dawakin kuwa gabas suke kiwo. Ermek ya kora tumaki can sama, ba ya saukowa sai bayan kwanaki.

Kwana biyun farko Sayra ta yi ta zarya zuwa makewayi, kamar yadda duk sabon hawa ke yi. Ran na biyu da yamma tana dawowa a karo na bakwai ko na takwas, Toktosun ya sauke madubi ya ce wa matarsa, da muryar nan tasa ta kiran doki daga tsallaken rafi, "Tsohuwa, kelin ɗinki fa za ta share mana titi kyauta. Baɗi mota za ta iya bi." Burulkan ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. Wallahi ba da mugunta ya faɗa ba, shi dai bakinsa ne ba linzami. Sayra ta wuce ciki, ba kuma wanda ya sake tuna zancen.

Ran na biyar Sayra ta tashi da ciwon kai. Aka ce hawan tudu ne, zai wuce. Leɓenta ya tsattsage, aka ce iska ce, aka ba ta man shanu ta shafa. In ta durƙusa tatsa ta miƙe sai ta dafa goɗiya, jiri na ɗibarta. Aiki dai ba ta fasa ba: ita ce ɗiban ruwa, ita ce gashin gurasa, ita ce bakin buta tana zuba wa kowa. Sai Tumar ta fara. Ta kama nono ta ja ta ja, ta saki ta tsala kuka, ta sake kamawa. Gadon jariranmu na katako yana da ɗan kasko a ƙasa inda fitsari ke taruwa, kuma Burulkan ce ke zubar da shi kowace safiya. A ƙauye takan same shi ya kusa cika. Ran na takwas ta jawo shi ta ga ɗan abin da bai rufe gindinsa ba, jajir, launin shayi mai kauri. Ta tsaya riƙe da kaskon, don ta taɓa riƙe irinsa.

Tsoro ya sa ta yi duk abin da ta tsana. Ta kunna archa ta zagaye Sayra da hayaƙi, ta tono tsohuwar layar nan daga ƙasan akwati, ta sa aka yanka ɗan rago ta dafa romo. Sayra ta karɓi kwanon da hannu biyu ta ce za ta sha in ya huce. Motar mai sayen kimis sai Jumma'a, saura kwana biyar, ba kuma wanda zai ɗora jaririya marar ƙarfi a kan doki ya wuni yana gangara da ita cikin iska. Ran na tara da safe Burulkan ta fito ta tarar Toktosun ya aro akuya wajen maƙwabta, ya ɗaure ta a turke bayan bukka.

"Wannan fa?"

"Ko za a buƙata," ya ce, bai dube ta ba.

"Kwance ta."

"In na kwance ta yarinya iska za ta sha? Ba ni wata dabarar in kwance."

Ta ɗauki bokiti ta nufi wajen goɗiyoyi tana jin kukan jikarta a bayanta, kukan ma ya fara dishewa.

Goɗiya sau biyar ake tatsarta a wuni, kuma sai an kawo ɗanta ya fara tsotsa sannan take sakin nono. Toktosun ke riƙe dukushi, Burulkan na durƙushe. Suka zo kan wata fara da suka saya bana daga kwari. Ta matsa ta matsa, abin da ya zubo bai kai finjali ba.

"Ita ma tudun ya ƙi ta," in ji Burulkan, bakinta da ɗaci.

"Wane tudu? Ƙishirwa ce. Jiya na kora su rafi, wannan shashashar ta tsaya cin ciyawa ba ta sa baki ba." Ya kama muƙamuƙin goɗiyar ya ɗaga leɓenta. "Duba dasashi, a bushe. Sau nawa zan faɗa miki, dabba a nan sama ba ta sanin tana jin ƙishi? Sanyi ke rufe mata. Ga iska ba danshi, ki shanya riga, kafin buta ta tafasa ta bushe. Dubi hancinta, wancan tururin me kike zato? Ruwan jikinta ne ke tafiya, kuma a nan haki take yi inda a ƙasa ko a jikinta. Balle sabuwar hawa, kwanakin farko fitsari take ta tsulawa. In ba ka kai ta ruwa ka tsaya a kanta ba, nono zai ɗauke. Wannan ai kowa ya sani."

Shekara arba'in tana jin wannan huɗubar, har ta haddace ta. Bai taɓa yin ta ba sai a kan doki, ita ma ba ta taɓa jin ta ba sai a kan doki. Yau kuwa ta ajiye bokitin a hankali, ta miƙe, ta bar shi riƙe da dukushi yana tambayar ina za ta.

Ta shiga bukka ta nufi kantar finjalai. Nata ga shi, cikinsa ya rine da shayi. Na tsoho ga shi, da ɗan ɓallin bakinsa. Na Sayra mai shuɗin baki, wanda ta zo da shi cikin kayan aure, yana can ƙurya. Burulkan ta sa yatsa a ciki ta shafo ƙura, har da busasshen ƙuda. Ta leƙa waje ta dubi hanyar makewayi, ta yi ta ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da ta ga Sayra a kanta da rana, ta kasa.

Sayra na zaune da Tumar a ƙirji, tana jijjiga ta.

"Kelin, yaushe rabonki da shayi?"

"Ina sha, Apa."

"Ban tambaye ki ko kina sha ba. Na ce yaushe."

Sayra ta ce, "Ina kurɓa kaɗan da asuba. Ba na jin ƙishi, Apa, wallahi ba na ji."

"Na yarda ba kya ji. Romon jiya fa?"

"Na ci naman. Ruwan na ba kare." Ta sunkuyar da kai, hawayen ma da ƙyar suka fito. "In na sha sai na fita. Ata kuma yana kan dutse, madubi a idonsa, daidai wajen. Sai in riƙe har magariba. Na ga gara in rage sha, na ce jiki zai saba."

Burulkan ta nemi wuri ta zauna. Ba Sayra take gani ba yanzu. Wata yarinya take gani 'yar shekara ashirin a bakin wannan ƙofar, buta a gabanta, tana zuba wa mutum goma ita ba ta kurɓa ba, saboda uban mijinta na kan dutsen nan da 'yan'uwansa suna hira wuni guda. Ta tuna yadda takan lashi leɓe ta ji gishirin jini. Ta tuna har alfahari take yi, wai ita kelin ce mai kunya da ba a taɓa gani a hanyar makewayi ba, uwar mijinta na yabonta a gaban mata. Ashe ba tudu ba ne. Ashe ba jikinta ne ya gaza ba. Ga rafi na gudu a gaban ƙofa, ɗanta ya tafi saboda ruwa. Baƙin ciki ya taso mata, fushi na biye da shi, ba ta ma san wa za ta yi wa fushin ba, tunda waɗanda suka koya mata duk suna ƙarƙashin ƙasa. Sai ta dubi Tumar, ta ga har yanzu tana da ƙarfin kama nono. Ta haɗiye komai ta tashi, ta bar kukan sai daga baya.

Ta ɗauko finjalin mai shuɗin baki ta wanke, ta je bakin ƙofa ta zauna a mazaunin kelin, gwiwoyinta na ƙara. Sayra ta zabura za ta karɓi buta.

"Zauna. Hau can sama, kan shimfiɗata."

"Apa, mutane fa?"

"Mutanen suna ina? Goɗiyoyi ne za su kai labari?"

Ta haɗa shayi marar kauri da madara, ta cika finjalin taf har yana neman zuba, ta miƙa. Sayra ta ga cikakken finjali, fuskarta ta canza.

"Korata za ki yi, Apa?"

"Zan kore ki, amma zuwa makewayi, sau goma a wuni. Sha, 'yata. Kurɓi kaɗan-kaɗan, kar ki kwankwaɗa. Ni ma haka na yi a wannan ɗakin, ban samu mai cika mini ba." Ba ta ƙara ba, Sayra kuwa ta san labarin gangaren rafi. Ta kai finjalin baki.

Sai da Burulkan ta ga ta shanye biyu, ta dama mata kindirmo da ruwa da ɗan gishiri ta ajiye a gefenta, sannan ta fita. Toktosun ya gaji da jira ya koma kan dutsensa. Ta fizge madubin daga hannunsa.

"Lafiya, tsohuwa? Ko kimis ne ya hau miki kai?"

"Ka san dasashin goɗiya, ka san tururin hancinta. Leɓen matar ɗanka fa, ka duba? Kwana bakwai yarinyar nan ba ta sha ruwan kirki ba, saboda kai da wannan gilashin naka da titin da ka ce za ta share."

"Ni? Wasa fa na yi. Ke ma ai kin yi dariya."

"Na yi, shi ya sa nake jin kamar in mari kaina."

"To ni ina ruwana da inda mata ke zuwa? Dawaki nake kallo, Allah ne shaida."

"Na sani. Ubanka ma dawaki yake kallo."

Toktosun ba shi da saurin gane lamarin mutane, amma in aka ba shi lokaci yakan iso. Tana tsaye ta ga lokacin da ya iso. Ya juya a hankali ya dubi gangaren rafi, ya daɗe yana kallo.

"Aman?"

"Aman."

Ya cire hularsa, ya sake mayarwa, ya tashi ya ɗauki shebur. Mutumin da ya shekara uku yana cewa ciwon baya ba ya barinsa ɗaga sirdi, shi ya haƙa sabon rami a yammacin bukka, bayan wani ɗan tsauni, inda ko da madubi ba a hangowa. Kafin la'asar ya tumɓuke sandunan ya kafa su can. Akuya dai bai kwance ta ba, Burulkan ma ba ta sake cewa ya kwance ba.

Abin bai zo da sauri ba. Washegari kasko yana nan kamar jiya. Burulkan ta karɓe tatsa da ɗiban ruwa da gashin gurasa, ta hana Sayra komai sai sha da shayarwa. Ta ce ta riƙa sa yarinya a nono ko da ba abin da ke fita, yadda ake kawo wa goɗiya ɗanta. Ba ta jiran Sayra ta ce tana jin ƙishi. Duk tatsar goɗiya finjali biyu, duk shayarwa finjali ɗaya, tana tsaye a kanta har sai ta ga gindin finjali. Ciwon kai ya tafi a rana ta biyu. Sayra ta fara bin sabuwar hanya, da farko a ɗarare tana waige, Toktosun kuwa da ya ji motsinta sai ya kafa madubi gabas kamar wanda aka sace wa doki. Wata maƙwabciya ta leƙo ta tarar uwar miji na zuba wa kelin shayi, ta riƙe baki ta fara 'yan maganganu. Burulkan ta cika mata finjali taf ita ma, ta sha ta tashi.

Ran Alhamis da hantsi Burulkan na bugun kimis ta ji bukka ta yi tsit. Shirun ya ba ta tsoro, ta saki muciya ta shiga da gudu. Ta tarar Tumar manne da uwarta tana haɗiya, ƙut, ƙut, ana ji tun daga ƙofa, ɗaya nonon kuma ya jiƙa rigar Sayra har ciki.

"Apa, dubi," in ji Sayra, tana dariya tana kuka, yau kam hawayen na zuba sosai.

"Na gani. Kar ki ɓarnatar mini da ruwan da na sha wuyar ɗurawa," in ji Burulkan, ita ma nata idon ya riga ya cika.

Jumma'a da safe kasko ya haura rabi, fari tas. Mota ta zo ta ɗauki kimis ta sauka ba fasinja. Ermek ya sauko daga wajen tumaki ya tarar makewayi ya yi ƙaura, ya tambayi dalili, uwarsa ta ce ofishin tudu ne ya ba da umarni. Tumar ɗin nan ita ce yanzu ke ɗarewa dukushi ba sirdi tana sa kakarta ihu.

Da yammacin wannan Jumma'ar Toktosun ya mayar da akuya ga masu ita. A dawowa bai biyo inda ya saba ba. Burulkan ta hango shi a gangaren rafi, a tsugune, yana gyara duwatsun da suka zame. Ta ɗan tsaya a ƙofa, sannan ta gyara ɗankwali ta bi shi, kai tsaye, ba zagaye. Suka yi addu'a suka shafa, suka dawo tare.

Sayra ta kwanta da 'yarta a ɗaya bukkar, ta bar buta a kan wuta. Burulkan ta miƙa hannu za ta ɗauka, Toktosun ya riga ta. Namiji a wajenmu ba ya zuba shayi, shi kuwa ko riƙon buta bai iya ba. Ya ƙone yatsa, ya zubar da rabi a shimfiɗa, ya manta madara. Ya durƙusa a bakin ƙofa da gwiwoyinsa masu ciwo, ya cika finjalinta taf, ya miƙo da hannun dama, hagu na tallafe da gwiwar hannu.

"Sha, Burul," ya ce. Rabonsa da kiran sunanta tun yana da haƙora. "Na makara, amma ki sha."

Shayin ya yi baƙi, ya yi ɗaci, ganye na yawo a sama. Ta shanye shi tas, ta miƙa masa finjalin ya ƙara.